Turancin Jarrabawa da Turancin Aji: Lacca ga Masu Niyyar Karatun Kasuwanci a Ƙasashen Waje



Shugaban taro, malamaina da abokan aikina, iyayen da suka rako 'ya'yansu, da ku ɗalibai maza da mata waɗanda dominku aka shirya wannan zama, barkanmu da warhaka. An nemi in yi magana a kan jarrabawar Turanci da jami'o'in ƙasashen waje ke nema kafin su ba mutum gurbin karatu, musamman ga mai son karanta kasuwanci, ko aikin akanta ne, ko hada-hadar kuɗi, ko digirin tafiyar da kamfani da aka fi sani da MBA.

Na san abin da ke ran da yawanku, gara mu fara da shi. Mutum ya yi firamare da Turanci, ya yi sakandare da Turanci, ya rubuta kundin digirinsa da Turanci, sannan a wayi gari a ce sai ya biya kuɗi masu nauyi an gwada ko yana jin Turanci. Takardar da za a ba shi kuma shekara 2 kawai take aiki, alhali ta DELF da Faransawa ke bayarwa a kan harshensu ba ta tsufa. A 2022 wasu matasan Najeriya sun tattara sa hannun dubban mutane suna neman Birtaniya ta sa ƙasarsu cikin jerin ƙasashen da aka yafe wa wannan gwaji, jerin da Jamaika da Barbados ke ciki amma babu Najeriya babu Gana. Ƙorafin yana da hujja, ina kuma tare da masu yin sa.

Sai dai mu nan Arewa akwai wata gaskiya da ya kamata mu faɗa wa junanmu. Turancin yawancinmu a bakin ƙofar aji yake tsayawa. Da malami ya fita sai Hausa, a kasuwa Hausa, a gida Hausa, a waya Hausa. Wannan ba abin kunya ba ne, arziki ne ma a ce harshenka ya ishe ka rayuwa daga Kano har Yamai. Amma sakamakonsa shi ne ɗalibi ya gama jami'a yana iya karanta littafi ya haddace, ya zuba a takarda ya ci maki, bai taɓa yin muhawarar minti 10 da Turanci ba. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram nasu ya fi nauyi, don da Faransanci suka yi karatu, Turanci harshe na uku ne gare su.

Ku duba kuma inda kuke shirin zuwa. Makarantar kasuwanci ta Harvard, wadda aka kafa a 1908, ta yi suna da wata hanyar koyarwa da makarantu da yawa suka kwaikwaya. Za a ba ɗalibi labarin wani kamfani na gaske da ya shiga tsaka mai wuya, shafuka masu yawa haɗe da alƙaluman ribarsa da bashinsa, ya karanta da dare. Da safe malami ya kira sunansa ba tare da ya ɗaga hannu ba, ya ce: kai ne shugaban wannan kamfani, me za ka yi? Yana gama magana wata ɗaliba daga Indiya ko Burazil ta ce ba ta yarda ba, ta kawo dalilinta, shi kuma ya kare matsayinsa nan take. A darussa da yawa na can, kusan rabin makin ɗalibi daga maganar da ya yi a aji yake fitowa. Ko a jami'o'in da ba su kai haka ba, aikin rukuni da gabatar da rahoto gaban jama'a ba sa ƙarewa. Mai karanta lissafi zalla yana iya laɓewa a bayan lambobi, mai karanta kasuwanci ba shi da maɓoya. Abin da nake so ku tafi da shi ke nan: abubuwa huɗun da jarrabawar ke gwadawa, wato sauraro da karatu da rubutu da magana, su ne ajin zai nema daga gare ku tun makon farko. Wanda ya shirya wa ajin zai ci jarrabawar. Wanda ya shirya wa jarrabawar kaɗai da dabaru yana iya tsallakewa, amma zai je ya zauna shekara guda bakinsa a rufe, a kan kuɗin da watakila gona aka sayar aka biya.

Kafin ka kashe ko sisi, ka buɗe shafin sashen da kake nema ka karanta sharaɗinsa da idonka, kada ka dogara da abin da wani ya ce an ce. Jami'o'in Birtaniya da dama suna karɓar sakamakon WAEC idan mutum ya sami C6 ko sama da haka a Turanci. Wasu kan karɓi wasiƙa daga jami'arka mai shaida cewa da Turanci aka koyar da kai. Wasu kuwa, musamman manyan makarantun kasuwanci, ba sa ɗaga ƙafa. In har sai ka yi, ka duba wacce suke karɓa. Akwai IELTS, wadda aka fara a 1989, mallakar British Council da IDP ta Ostireliya da Cambridge. Akwai TOEFL ta hukumar ETS ta Amurka, wadda ta girme ta, tun 1964 ake yin ta, kuma ana yawan sauya mata fasali, don haka a nemi bayaninta na yanzu. Akwai PTE ta kamfanin Pearson da kwamfuta ke ba da makinta, da ta Duolingo da ake yi a gida gaban kyamara, mai araha amma ba kowace jami'a ke amincewa da ita ba. Kada kuma a rikita waɗannan da GMAT ko GRE. Su tunani da lissafi suke gwadawa, makarantar MBA na iya neman ɗaya daga cikinsu ban da ta Turancin.

Zan tsaya a kan IELTS don ita mutanenmu suka fi yi. Iri biyu ce, ta masu neman karatu da ta masu neman aiki ko zama, a tabbatar ta karatun aka yi wa rajista. Ana ba da maki daga 0 zuwa 9, da rabi-rabi a tsakani, a kan sauraro, karatu, rubutu da magana, sannan a fitar da matsakaici. Yawancin digiri na biyu a kasuwanci na neman 6.5, da sharaɗin kada wani ɓangare ya gaza 6. MBA ta Oxford 7.5 take nema, kuma kada ɓangare ɗaya ya gaza 7. Wannan sharaɗi na biyu shi ke kayar da mutane. A ce ka sami 7.5 a sauraro, 7 a karatu, 7 a magana, 5.5 a rubutu. Matsakaicinka 6.75 ne, za a ɗaga maka shi zuwa 7, ka yi murna ka sanar da gida. Jami'a ta duba ta ga 5.5 ɗin nan ta ce ba ka cika sharaɗi ba. Saboda haka inda ka fi rauni nan za ka fi ba lokaci, ko da yake rai ya fi son maimaita abin da ya riga ya iya.

Sauraro minti 30 ne, tambaya 40, kuma sau ɗaya tak ake kunna sautin. Ana farawa da hira mai sauƙi, kamar mai neman hayar ɗaki yana ba da sunansa da lambar wayarsa, a ƙare da lacca irin ta jami'a. Muryoyin na mutanen Ingila ne da Ostireliya da Amurka da makamantansu, ba irin Turancin da kunnenmu ya saba da shi ba. Kusan amsa 30 daidai ke ba da maki 7. Kuskuren harafi ɗaya a rubuta amsa yana zubar da makinta, haka ma rubuta kalma uku inda aka ce kada a wuce biyu. Mai magana kuma yakan faɗi abu ya dawo ya gyara, ya ce Talata, a'a Laraba, wanda ya yi gaggawa ya rubuta na farko. Ku kula da lambobi ƙwarai, irin 13 da 30 ko 15 da 50, waɗanda ƙarshensu kaɗai ya bambanta su a furuci. Wanda zai rayu da alƙaluma dole kunnensa ya rarrabe su. Maganin wannan ɓangare ba wuya: rediyo. Kunnen da ya saba da Sashen Hausa na BBC da asuba ya ƙara rabin awa a sashen Turanci, musamman shirye-shiryen kasuwanci, da biro a hannu, ya rubuta abin da ya ji.

Karatu minti 60 ne, matani uku masu tsawo, tambaya 40, babu ƙamus. Wanda ya ce sai ya fahimci kowace kalma lokaci zai ƙare masa a matani na biyu. Akwai wani nau'in tambaya da nake so ku lura da shi. Za a ba ka jimla a ce ka faɗa ko gaskiya ce bisa matanin, ko ƙarya ce, ko kuwa matanin bai yi magana a kanta ba. Zaɓi na ukun nan ne ke wahalar da masu ilmi fiye da kowa, don sukan amsa da abin da suka sani a duniya, ba da abin da ke rubuce ba. Ni kuwa ina ganin babu horon da ya fi wannan amfani ga ɗan kasuwa. Ranar da aka miƙo maka yarjejeniyar bashi, abin da takarda ta ce da abin da kake zato ta ce su ne tsakanin riba da asara. Ba a rage maki saboda amsar da ba daidai ba, don haka kada a bar gurbi ba komai.

Yanzu sai rubutu, inda zan ɗan daɗe. Minti 60 ne, aiki biyu. Na farko, za a ba ka zanen ƙididdiga ko jadawali ka bayyana shi cikin kalma 150 ko fiye, a kamar minti 20. Ɗalibai da yawa sukan bi lambobin ɗaya bayan ɗaya suna kwafewa, su zaci sun yi aiki. Ba haka ake so ba. Ku je kasuwar Dawanau ku tambayi dillalin hatsi yadda masara ta yi bana. Ba zai jero muku farashin kowane mako ba. Zai ce ta faɗi da kaka, ta riƙa hawa da rani, ta kai maƙura da damuna ta yi nisa, kuma gero bai bi ta ba. Jimla biyu, ya ba ku hoton shekara, sannan in kun nema ya kawo lambobi. Abin da mai makin ke nema ke nan: babban hoto tukuna, sai zaɓaɓɓun alƙaluman da ke tabbatar da shi, da kwatanta wannan da wancan. Ba a son ra'ayinka a nan, ba a son ka ƙirƙiro dalilin da zanen bai nuna ba. Kayan atisaye kuwa kyauta suke. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na fitar da rahoton hauhawar farashi kowane wata cike da zane-zane, kamfanonin da ke kasuwar hannun jari irin su Dangote Cement suna wallafa rahoton shekara. Ka ɗauki zane ɗaya, ka sa agogo, ka rubuta. Kana koyon Turanci kana koyon sana'arka a zama ɗaya.

Aiki na biyu insha'i ne na kalma 250 ko fiye cikin minti 40, kuma nauyin makinsa ya ninka na farko. Za a kawo batu, a ce misali wasu na ganin gwamnati ta tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa, wasu na ganin ta bar kasuwa ta yi halinta, mene ne ra'ayinka. A nan tarbiyyarmu ta magana takan yi mana cikas. Mun saba da shimfiɗa, mu kewaya, mu girmama kowane ɓangare, sai can ƙarshe mu nuna inda muka karkata, wani lokaci ma mu bar mai sauraro ya gane da kansa. A zauren dattawa wannan ladabi ne. A wannan takarda kuwa ana so ka faɗi matsayinka a sakin layi na farko, kowane sakin layi na gaba ya ɗauki hujja ɗaya da misalinta, ka tsaya kan bakanka har ƙarshe. Cikas na biyu shi ne son manyan kalmomi. An koya mana tun sakandare cewa gwanin Turanci shi ne wanda ba a gane abin da yake faɗa. Mai maki abu huɗu yake dubawa: ko ka amsa tambayar da aka yi, ko maganarka na bin juna, yalwar kalmominka da dacewarsu, da nahawunka. Babbar kalma a inda ba wurinta ba ragi take jawowa. Ma'aunin da suke amfani da shi ba sirri ba ne, yana shafinsu na intanet, kowa na iya saukewa ya karanta abin da ya raba mai 6 da mai 7. Abin takaici ne a ga mutum ya biya kuɗin jarrabawa bai taɓa duba shi ba.

Hadda kuma, wadda Allah ya hore mana, a nan ba ta da amfani. Masu maki an horar da su gane insha'in da aka haddace, kuma suna rage masa maki. Abin da ke gyara rubutu shi ne ka rubuta, wani da ya fi ka ya yi maka jan biro, ka sake rubuta wannan insha'in dai har ya gyaru. Ka buɗe littafi na musamman kana tara kurakuran da kake maimaitawa. Za ka tarar ba su da yawa, sau da yawa ƙananan kalmomin nan ne da ke zuwa gaban suna, da harafin jam'i, da lokutan aikatau. In ta kwamfuta za ka yi, ka tuna JAMB danna zaɓi kawai ta koya maka. Buga kalma 400 cikin awa guda da yatsa biyu wani aiki ne daban, a fara sabawa da allon bugu tun yanzu.

Magana minti 11 zuwa 14 ce, kai da mutum guda, ana naɗar sauti. Zai fara da tambayarka garinku da aikinka. Sai ya ba ka kati mai batu, minti 1 ka shirya, ka yi magana kai kaɗai har minti 2. Daga nan ya ja ka zuwa tattaunawa mai zurfi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunya da kawaici da sunkuyar da kai gaban babba, waɗanda iyayenmu suka yi ƙoƙari suka dasa mana, a minti 14 ɗin nan sai a ajiye su a bakin ƙofa. Ina faɗa wa ƙannena mata wannan musamman, don na sha ganin mai Turanci tsaf tana amsawa da eh ko a'a tana kallon ƙasa. Mai jarrabawar ba zai iya ba da maki a kan abin da bai ji ba. Kowace amsa a bi ta da dalili da misali. Ba a neman ka koma Bature, harshenka na Bahaushe ba laifi ba ne muddin ana gane ka. Inda ake samun matsala shi ne sautukan da Hausa ba ta rarrabe su, kamar p da f, ko b da v, don musanya su na iya mai da kalma wata kalma daban. Haka nan wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe, irin wanda ya ba mu burodi. Ka naɗi muryarka a waya ka saurara, kunnenka zai nuna maka abin da aboki ke jin nauyin faɗa maka. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku ware awa guda bayan la'asar da ba a yin Hausa, ɗaya ya kawo labarin wani kamfani sauran su yi gardama a kai. Za a yi muku dariya a unguwa, a ce kuna iyayi. Ku ƙyale.

Wata nawa ake bukata? Masana a Cambridge sun ƙiyasta cewa hawa daga wani babban matakin harshe zuwa na gaba na cin kusan awa 200 na karatu da jagora. Wanda ke kan 5.5 yana neman 7, tsallake mataki guda ne cur. In yana ba abin awa 2 kullum, ya lissafa fiye da wata 3. Darasin mako biyu na iya koya maka fasalin jarrabawa, kuma hakan na da amfani, amma ba ya ƙara maka harshe. Ka fara da gwada kanka: ka samo ɗaya daga littattafan tsofaffin tambayoyi da Cambridge ke bugawa, ka zauna ka yi cikakkiyar jarrabawa da agogo, ba tashi ba waya. Abin da ka samu shi zai gaya maka ranar da ya dace ka yi rajista. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 kuɗin ya yi tsadar da ba a shiga don gwada sa'a.

Dole in yi gargaɗi a kan masu tallar takardar sakamako a Facebook da WhatsApp, masu cewa suna da mutum a ciki, ko za su ɗaga maka maki, ko su ba ka tambayoyi kafin rana. Kowace takarda na da lamba, jami'a kuma ba takardar hannunka take dubawa ba, rumbun masu jarrabawar take shiga ta tantance. Wanda aka kama da takardar bogi a neman bizar Birtaniya ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10. A 2014 shirin Panorama na BBC ya bankaɗo maguɗin wata jarrabawar Turanci mai suna TOEIC a wasu cibiyoyi a Ingila. Gwamnati ta soke bizar dubun dubatar ɗalibai, da yawa suka yi shekaru a kotu suna wanke kansu, wasunsu kuma kotu ta gaskata su bayan karatunsu ya riga ya lalace. Maguɗin wasu ya ci har waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ban da wannan duka, haram ne, kuma mai shirin riƙe amanar dukiyar mutane bai kamata ya buɗe tafiyarsa da takardar ƙarya ba.

Saura ƙananan abubuwa masu ɓata babban shiri. Da fasfo ake rajista, shi kuma za ka nuna ranar jarrabawa, don haka a duba bai ƙare ba, kuma sunan da ke ciki ya dace harafi da harafi da na takardun makaranta. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya sha tsayar da mutane. In kwas ɗin share fage za ka fara yi a Birtaniya, tambayi jami'ar ko nau'in da hukumar biza ta amince da shi ake bukata, don rajistarsa daban ce. Sakamakon ta kwamfuta kan fito cikin 'yan kwanaki. Tun 2023 an fara ba da damar sake ɓangare ɗaya kawai cikin kwana 60 ga wanda ya yi ta kwamfuta, amma ba duk jami'o'i ke karɓa ba, a tambaya tukuna. Tunda takardar shekara 2 take aiki, kada a yi ta da wuri har ta mutu kafin a sami tallafin karatu, kada kuma a bari sai wa'adin jami'a ya matso. Mai son shiga aji a watan Satumba ya yi ƙoƙari sakamakonsa ya kasance a hannu tun kafin ƙarshen shekarar da ta gabata, yadda in rubutu ya ba shi 5.5 zai sami sararin sakewa.

Shugaban taro, a nan zan dakata, na ga hannuwa sun fara tashi a layin baya.